Jinyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta faɗin sunana. Ba ta zama inda na zauna, ba ta cin abinci a gabana, in muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta sami abin gyarawa a bakin murhu. Ana yaye ni aka kai ni wurin goggona a Sabon Birni, can na yi karatu har na zama malamin firamare, ita kuwa tana Unguwar Lalle. In na je gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa daga ciki a taƙaice. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka na ga iyaye mata suna yi wa 'ya'yansu na fari. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa jin kishin autanmu ba, wanda yake faɗawa ɗakinta kai tsaye ya buɗe kwano ya ci, ta kuma yi masa faɗa da cikakken sunansa.

Da damina ne, gero ya fara fid da kai, aka bugo mini waya cewa Inna ta kwana bakwai tana fama da masassara. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Autan yana can kudu yana neman na kansa. Ƙanwata tana Bafarawa cikin jego, ko suna ba a yi ba, ga hanyar a shekarun nan ba a bin ta sai an ji labari an kuma yi addu'a. Matata tana da ƙananan yara, bayan haka ita ma suruka ce, tata kunyar ta fi tawa. Jinya dai ta faɗo kaina. Kuma in faɗi gaskiya, a ƙasan zuciyata har wani daɗi na ji. Na ce yau ga ranar da za ni zauna kusa da uwata babu mai cewa in tashi.

Na ɗauko mota muka kai ta wani ƙaramin asibiti a yankinmu, ba sai na ce wanne ba. Aka ba ta gado a ɗakin mata. Gadaje huɗu ne, duk da mutane, kowace da mai jinyarta mace, sai ni kaɗai namiji. Da na yi bayanin cewa babu mace a hannu, aka ce in zauna da rana, in magariba ta yi in fita. Na ɗauki hutu a makaranta, na sayi sabon littafi da biro, na jawo benci na dasa shi daidai kan gadon. Matan da ke jinya a sauran gadajen suna ta kallona suna ƙus-ƙus. Ni kuwa na ɗauka yabona suke, ga ɗa na gari wanda bai bar uwarsa ba, har ina ƙara gyara zama.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin yarinya ce 'yar garin Isa, ba ta daɗe da gama makaranta ba, mai zafin nama, ba ta wasa da lokacin allura. Ranar farko ta tsaya kan Inna ta ce ya jiki. Inna ta ce da sauƙi, fuskarta na kallon bango. Ta ce ina ke ciwo, Inna ta yi shiru. Ni kuma malamin makaranta ba ya iya ganin an yi tambaya an rasa mai amsawa. Na karɓe zancen, har da ɗan Turancina, na ce zazzaɓi ne, da ciwon kai, da rashin ƙarfi. Yarinyar ta ji daɗi ta sami wanda ke magana a tsare. Daga wannan rana in ta shigo sai ta gaida Inna da kalma biyu, ta juyo wurina, ni in buɗe littafi in karanta mata, ita kuma ta kwafe a fayil.

An gwada jini an ga alamar zazzaɓin cizon sauro, abin da da damina ko ni aka gwada za a gani. Aka yi allurai, aka sa ƙarin ruwa. Jikin ya yi sanyi da safe, la'asar na yi ya koma kamar garwashi. Ni dai ina ta rubutu. Ƙarfe tara an kawo kunu, ba ta sha ba. Ƙarfe ɗaya matata ta aiko da tuwo da miyar kuka, ba ta taɓa ba. Na miƙa mata ruwa, ta girgiza kai. Tun safe ba ta nemi zagayawa ba. Kullum kwance take a gefe guda, ta ba ni baya, ta ja zane har wuya. In na ce sannu Inna, sai ta ɗaga yatsu biyu ta mayar. Duk wannan na karanta wa nas, ita kuma ta rubuta cewa mara lafiya ba ta iya ci, ba ta iya sha.

A rana ta uku na rikice sosai. Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, tana rawar sanyi har gadon na motsi, amma in an ce ya jiki sai ta ce da sauƙi. Likita ya zo ya duba fayil ya yi tsaki a hankali, ya ce maganin da aka ba ta ya isa a ce ta tashi, in gobe ba a ga canji ba sai dai a wuce da ita Sakkwato. Na fito na tsaya a baranda ina lissafin hanya, ina tunanin ko wannan jikin zai kai. Na buga wa goggona, ta ce a nemo rubutu a ba ta. Na buga wa autan, ya ce ni da nake wurin ni na san abin yi. Ban san komai ba. Na yi duk abin da aka ce ɗa ya yi, ban tsallake allura ko ɗaya ba, da rana ban matsa daga gefenta ba ko na rabin sa'a sai don salla, ga shi uwata tana narkewa a gabana ban san me ke cinta ba.

A ranar ne bayan azahar babbar nas ta dawo daga hutu. Kowa Sista yake ce mata. Bayarbiya ce, amma a Isa aka haife ta, ubanta tela ne a bakin kasuwa, Gobirancin da ke bakinta ya fi nawa tsami, ni da boko ya wanke mini harshe. Mace ce mai jiki, ba ta sauri, takalminta na roba yana ƙara tun daga nesa. Ta shigo ta gaida kowa gado-gado. Da ta iso namu ta ɗauki fayil ta karanta, ta buɗe kwanon tuwon da ke ƙasa ta rufe, ta dubi bayan Inna, sannan ta dube ni a kan bencina da littafina. Na miƙe za ni fara karatu, ta ɗaga mini hannu.

"Malam, kai na nawa ga ɗiyanta?"

Na ce ni ne babba.

"Kai aɗ ɗan hwari?"

Na ce e. Ta rufe fayil ɗin, ta miƙo hannu ta karɓi littafina ta ce ta gode, ta ga na yi ƙoƙari, yanzu in taimaka in ɗauki bencina in koma gindin dogonyaron da ke waje har ta neme ni.

Raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai saurin fushi, 'yan ajina sun sani. Na ce mata kwana uku ni ke riƙe da matar nan, ni na san lokacin da zazzaɓin ke tashi da lokacin da yake sauka, ita yanzu ta shigo, me ta sani? Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ai shi ya sa ta karɓi littafin. Wata tsohuwa da ke jinyar jikarta a gadon ƙarshe ta ce in yi haƙuri in fita, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na kinkimi bencina a gaban mata takwas na fita kamar yaron da aka kora daga aji.

Ban je gindin bishiyar ba. Na zagaya bayan ɗakin na tsaya kusa da taga, wai ina duba waya. Na ji an ja wani benci, wato ta zauna, abin da ban taɓa ganin wani ma'aikaci ya yi ba a kwana ukun nan. Ta fara gaisuwa kamar wadda ta je gidan suna: ina gajiya, ina ruwa, ya mutanen Unguwar Lalle, gero ya yi kyau bana, wa ya rage cikin tsofaffin da ta sani. Inna tana amsawa da ƙyar. Ina tsaye ina cizon yatsa, mutum na mutuwa ana tambayar gero. Can sai na ji Sista ta canza murya, irin wasan nan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa tun kaka da kakanni.

"Ashe baiwata ta an ka kwantar nan, ba wanda yah hwaɗa min. Tashi ki ɗebo min ruwa."

Sai na ji wata murya da ban sani ba, a shaƙe amma da kaifi.

"Ke tahi can. Kakanki da ƙwaryar gero guda mun ka saye shi, har an ka yi muna gyara."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na leƙa don in tabbatar, uwata ce. Shekara arba'in da wani abu ina duniya ban san tana da ba'a ba. Daga nan murya ta yi ƙasa, aka ja labule, na ji Sista tana tambaya ɗaya bayan ɗaya, tana jira, ba ta cike shirun da nata zancen. Na ji an ce a kawo ruwan ɗumi da roba. A nan kunya ta kama ni, na ja ƙafa na koma gindin dogonyaro na zauna.

Kusan sa'a guda ina nan. Yarinyar nas ta fito ɗaukar wani abu, ta gan ni, ta tsaya tana murza gefen hijabinta. Ta ce in yafe mata. Ita ma 'yar fari ce, a hannun kakarta ta tashi, har yau uwarta ba ta kiran sunanta. Ta ce in a gida ne da kallo ɗaya za ta gane, amma da ta sa farin kaya ta riƙe fayil sai kanta ya tafi ga tambayoyin da aka koya mata a jere, wanda ya amsa su kuwa shi take bi. A lokacin ban ma gane me take neman gafara a kai ba.

Sista ta fito ta wanke hannu a famfo, ta zo ta zauna a ɗaya gefen bencina, ta miƙo mini littafina. Ta ce sun gano abin. Ƙurji ne babba, ya kai mako biyu, Inna tana ta shafa masa wani haɗin gargajiya ita kaɗai ba ta gaya wa kowa ba. Ya tara mugunya, dafinsa ya fara shiga jini, shi ke kawo zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Sai an tsaga shi an wanke, kuma yau, ba gobe ba. Likita zai iya yi a nan, ba sai an hau hanya ba.

Na ce to rashin cin abincin fa, da rashin shan ruwan? Ta ce yanzun nan ta shanye kofi biyu na ruwa da rabin kwanon kunu. Ba za ta ci a gabana ba. Ruwa kuwa ta ƙi sha ne don kada fitsari ya kama ta, ta rasa bakin da za ta ce a kai ta bayan gida ina zaune. Sai na fita da magariba take lallaɓawa ta jiƙa maƙoshi, shi ma kaɗan, don ta san da sassafe za ni dawo. Na buɗe littafin nan na bi layukan da ido. Na kasa rarrabe wanne ne ciwo, wanne ne ni. Ba ni bayan da take yi, kunya ce ko ƙurjin ne ya hana ta juyawa? Shirun fa? Na yi kwana uku ina rubuta abin da zamana ya jawo, ina miƙa wa asibiti a matsayin cuta, suna neman maganinsa.

Na ce a ina ƙurjin yake.

Ta ce Inna ta roƙe ta kada ta faɗa mini.

Nan fushina ya dawo sabo. Na miƙe tsaye. Na ce ni ne ɗanta, ni na kawo ta, za a sa wa uwata wuƙa a ce ba za a gaya mini inda za a yanka ba? Zuciyata ta shiga kawo mini abubuwa. Ko ba ƙurji ba ne, ciwon daji ne suke ɓoye mini? Ko wani abu za su cire? In ta mutu a hannunsu me za ni gaya wa ƙannena, in ce na yarda da abin da ban sani ba? Na ce ko a faɗa mini ko in ɗauke ta mu tafi Sakkwato, inda ake magana da mutane a fili.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in zauna, duk abin da ya halatta ta faɗa za ta faɗa, ba za ta rage ko ɗaya ba. Ta nuna mini girman abin da tafin hannunta. Ta ce ta gani da idonta, ta taɓa, likita ma ya shiga ya gani, ƙurji ne, in kuma sun buɗe sun ga wani abu daban ita da kanta za ta zo nan ta gaya mini. Ta faɗi allurar da za a yi don kashe zafi, da tsawon lokacin da aikin zai ɗauka, da yadda za a riƙa wanke wurin kullum. Ta faɗi abin da zai iya faruwa in an yi, ba ta ɓoye cewa jikin tsohuwa ne da ya galabaita ba, ta kuma faɗi abin da zai faru in an bari ya ƙara kwana. Da ta gama ta ce in maimaita mata abin da na ji. Ni da nake sa yara maimaitawa, na zauna na maimaita, ta gyara mini wuri biyu. Amma wurin dai ta ce ba nata ba ne balle ta bayar, jikin mai shi ne.

Na ce to ai sai ita mai jikin ta dangwala yatsa a takardar, me ake nema da ni? Ta ce haka ta so, ta kai mata takardar ma, Inna ta ƙi. Ta ce bari ta koma ta sake tambayarta, ko za ta yarda a faɗa mini, ko kuma ta dangwala da kanta. Ta tashi da wannan tafiyar tata ta rashin sauri, ni kuwa kamar in tura ta.

La'asar ta yi, aka kira salla a masallacin bakin asibiti, ban iya tashi ba. Ina ta auna abin. In na tafi da ita, wataƙila hanya ta ƙarasa ta. In na tsaya, za ni yarda da maganar matar da ban taɓa gani ba sai yau. Kuma abin da ya fi ci mini rai, wannan baƙuwar ta san uwata cikin sa'a ɗaya fiye da yadda na san ta tun haihuwata.

Ta dawo da takardar a hannu. Ba ta zauna ba wannan karon.

"Malam, na tambaye ta. Tac ce wanda yak kawo ta shi za ya yanke magana. In ya sa hannunai ta yarda, in bai sa ba a maishe ta gida, ba ta ƙetare maganatai. Amma wurin kam, tac ce a bar mata shi."

Na karɓi takardar. An rubuta komai a ciki da rubutun likita, na san in na ƙura ido za ni iya tsinto kalmar da nake nema, Turancin bai fi ƙarfina ba. Sista ma ta sani. Ba ta rufe wurin da hannu ba, ta dai tsaya tana kallona. Na ninke saman takardar, na bar layin ƙasa kawai, na sa hannu. Na miƙa mata takardar.

Kafin magariba an gama. Kwana biyu bayan nan zazzaɓin ya sauka bai sake dawowa ba. Wata ƙanwar mahaifinmu ta samu ta iso daga Kamarawa ta karɓi zaman ɗaki. Ni kuma na ci gaba da zuwa kullum, ina kawo abinci in miƙa daga bakin ƙofa, in koma gindin bishiya. Sista in ta zo aiki sai ta biyo ta wurina ta gaya mini yadda aka kwana, in za ta tashi ta sake biyowa. Yarinyar nas ma ta koyi jan benci, na sha hango ta ta taga a zaune bakin gadon wata, fayil a rufe a cinyarta. Kwana tara muka ƙara aka sallame mu.

Inna tana nan da ranta, bana ma ita ta shuka kuɓewar bayan ɗakinta. Ƙanwata ta san inda ƙurjin ya fito, ina zargin matata ma ta sani, ni da na sa hannu ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na kasa warwarewa har yau daban ne. Matar da ta ɗora ranta a kan sa hannuna ita ce ta gwammace ƙishirwa ta kashe ta da ta ce mini ɗana, ɗan ba ni wuri. Na kuma tambayi kaina sau da yawa, da Sista ta ƙara kwana biyu a hutunta, da ina nan kan bencin nan ina rubutu har a rufe mata fuska, in kuma tashi ina gaya wa mutane cewa ban taɓa matsawa daga gefenta ba.